Ragowar Wata Bakwai

A 'Yankuzo, cikin ƙaramar hukumar Tsafe, da buhu ake lissafin kuɗin karatun yaro. Saboda haka ranar da 'yar autar wani manomi ta zo gida, a ƙarshen watan Afrilu na 2023, da bayanin ɗakin da ta samu kusa da Jami'ar Tarayya ta Gusau, mahaifinta bai jira ta gama karanto adadin ba. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Buhu ukku ke nan na masara." Masarar ta daminar da ta wuce ce, wadda aka noma aka girbe cikin ɗar-ɗar, domin shekaru ke nan manoman yankin ba sa isa gonakinsu na nesa sai yadda 'yan bindigar da ke dazuzzukan kewaye suka ga dama. Aka ɗora buhunan a mota zuwa kasuwar Tsafe, aka dawo da kuɗi, ta ƙulle su a jaka ta kama hanyar Gusau.

Ɗakin yana Sabon Gida, ƙauyen da ke maƙwabtaka da jami'ar, a ƙasar Bungudu, gefen hanyar da ta tashi daga Gusau ta bi ta Tsafe zuwa Funtuwa da Zariya. Tun da aka kafa jami'ar a 2013 ƙauyen ya sauya kama. Kamar yadda yake a yawancin jami'o'in ƙasar nan, ɗakunan kwanan da ke cikin makaranta ba sa ɗaukar kowa da kowa, don haka masu filaye suka jera ɗakuna suna bai wa ɗalibai haya. Wanda ta samu babba ne, da banɗaki a ciki, a kan naira 120,000 a shekara. Dillali ya karɓi la'adar 12,000, mai gidan ya riƙe 10,000 a matsayin ajiya, ko da za a yi masa ɓarna. Jimilla 142,000, aka raba biyu, kowa 71,000, domin su biyu za su zauna. Abokiyar zaman nata 'yar Kwatarkwashi ce da ke shekarar ƙarshe, ta girme ta da shekara huɗu. Tana kiran ta Yaya, ita kuma Yaya tana kiran ta Auta, kamar yadda ta ji 'yan gidansu na kiran ta a waya. Yaya ce ta san dillalin, ita ta miƙa kuɗin, sunanta kaɗai aka rubuta a rasidi. Babu wata takardar yarjejeniya bayan wannan, kuma a ranar babu wadda ta ga dalilin neman ta.

Biyan hayar shekara gaba ɗaya ya zama jiki a garuruwan Nijeriya har an daina tambayar dalilinsa. Jihar Legas ta yi doka a 2011 da ta hana karɓar fiye da hayar shekara guda daga sabon ɗan haya a mafi yawan sassanta, abin da ke nuna cewa ko a inda aka yi yunƙurin gyara, shekarar ce aka ɗauka daidai. Amma in an duba da kyau, wanda ya biya wata goma sha biyu a rana ɗaya bashi ya bai wa mai gida, bashin da za a riƙa biyan sa da kwana, dare bayan dare. Muddin kwanan yana yiwuwa, babu mai tuna cewa bashi ne. Sai ranar da ya gagara ɗan haya ke tuna cewa kuɗin suna hannun wani, kuma shi ne zai yi ta zarya da sallama a bakin ƙofa.

A watan Yuni na shekarar aka sace wasu ɗalibai a Sabon Gida, 'yan'uwansu suka tare babbar hanya don nuna fushinsu. Auta da Yaya suka haɗa kuɗi aka ƙara wa ƙofarsu sakata. Daren Alhamis, wayewar Juma'a 22 ga Satumba 2023, 'yan bindiga suka sake shigowa, suka fasa gidajen haya na ɗalibai, suka tafi da mutum fiye da ashirin, mafi yawansu mata. Sojoji sun bi sawu sun kuɓutar da wasu, sauran aka nausa daji da su. Ba a shiga gidan su Auta ba. A ƙasa suka kwanta, fitila a kashe, waya a kashe, suna jin ana dukan ƙofofi a can gaba, suna jin muryoyin da suka sani.

Da gari ya waye mahaifinta ya kira. "Auta, kwashe kayanki yau yau ɗin nan, ki tai gidan gwaggonki. Kuɗɗi ba su kai rai ba." Bai ce ta dawo gida ba, domin ya fi kowa sanin cewa barin Sabon Gida zuwa 'Yankuzo gudu ne ba tsira. Gwaggon tana aure a Tudun Wada, cikin garin Gusau. Nan Auta ta shimfiɗa katifarta tsakanin 'ya'yan gidan, ta fara zirga-zirga zuwa makaranta a daidai lokacin da kuɗin mota ya yi tsalle, tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu. Kafin wata ya zagayo guzurinta ya ƙare. A lokacin ne ta fara tunanin buhunan nan uku, da wata bakwai da ta biya ba ta kwana ba.

Gwaggonta mai riƙon adashe ce, ta saba da rigimar kuɗi tsakanin mutanen da ba sa son su ɓata da juna. Ta zaunar da ita ta ce kada ta je ta ce a ba ta kuɗinta a dunƙule, domin kowane kuɗi da sunansa, kuma sunan ne ke nuna hukuncinsa. La'ada ladan aiki ce. Dillali ya nuna ɗaki, an shiga, aikinsa ya ƙare, 6,000 ɗinta sun tafi, kada ma ta ɓata bakinta. Ajiya kuwa amana ce, ba ta zama dukiyar wanda aka bai wa ba, kuma muddin ba a fasa taga ko an ɓalle famfo ba, 5,000 ɗinta suna nan daram. Haya ita ce mai wuya, domin farashin amfani ce. Daga Mayu zuwa Satumba ta ci wata biyar, saura bakwai, kowane wata 5,000 a kasonta, 35,000 ke nan. Abin da za ta nema duka 40,000 ne, kuma ta sani tun daga gida cewa kashi ɗaya haƙƙi ne tsantsa, ɗayan kuwa sai an tattauna.

Mai gidan dattijo ne, Alhaji, wanda ya sayar da gona da shanu ya gina ɗakunan don ya samu abin dogaro a tsufansa. Ya karɓe ta a zaure, ta durƙusa ta gaishe shi, ya jajanta mata, ya saurare ta har ta kai aya. Sannan ya ce, "Ɗiyata, ni ɗaki na ba da haya, ban ba da wurin katifa ba. Ɗakin ga kuwa da mutum ciki. Sunan wa anka rubuta bisa rasidi?" Ta ce na Yaya. Ya ce, "To, kin gani. Ni na kore ki? Rufi na zuba? Ki tai ku daidaita da 'yar'uwarki." Da ta ce ai ya san abin da ya kore ta, sai ya miƙe ya nuna mata tsakar gidan. Ɗakuna goma sha biyu, takwas da kwaɗo a ƙofa. Kuɗin da aka biya shi a Mayu sun riga sun zama siminti da kwanon rufi na wasu ɗakuna biyu da ya fara a baya, waɗanda yanzu bai san wanda zai shiga ba. In ya mayar wa mutum ɗaya, gobe bakwai za su yi layi. Auta ta zo da shirin fuskantar azzalumi, sai ta tarar da tsoho mai lissafin asararsa kamar yadda take lissafin tata. Wannan bai sa ta daina buƙatar kuɗin ba, ya dai sa ta rasa inda za ta sauke fushinta.

Sai ta sauke shi a kan Yaya. Yaya ba ta tashi ba. Tana tsakiyar aikin bincikenta na kammala digiri, mahaifinta ya rasu, ba ta da kowa a cikin Gusau, kuma abin da aka haɗa mata a gida an haɗa ke nan. A zuciyar Auta, Yaya ta samu babban ɗaki ita kaɗai da rabin kuɗi, ga tukunyar gas da labule da ledar ƙasa da suka saya tare duk a hannunta. A zuciyar Yaya, Auta ta bar ta ita kaɗai da dare a wurin da aka kwashi mutane, yanzu kuma ta dawo da rana tana lissafi. Ranar da maganar ta fito fili, Yaya ta dube ta ta ce, "Auta, kina ganin don ba ni jin tsoro nike kwana nan? Da takalmi nike kwana." Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Makonni biyu suka yi suna haɗuwa a makaranta, gaisuwa kawai ke haɗa su.

Dillalin ya kawo hanyar da ɗalibai suka saba bi: a samo wata ta maye gurbin Auta, ta biya ta 35,000, mai gida bai yi asara ba, Yaya ta samu abokiyar kwana. A lokacin zaman lafiya wannan ita ce hanya mafi sauƙi, kuma malaman fiƙihu sun yarda ɗan haya ya bai wa wani irinsa hayar abin da ya karɓa. An kuwa samu wata ɗaliba daga wata jiha mai nisa, wadda ke neman wuri ido rufe. An yi ciniki, an sa ranar biya. Daren jajibirin, mahaifiyar yarinyar ta kira Auta ta ce, "'Yata, tsakaninki da Allah, me ya sa kike barin ɗakin? Wurin lafiya yake?" Auta ta yi shiru har matar ta ɗauka layin ya katse. Sannan ta gaya mata komai, da sakatar da suka ƙara, da daren da suka kwana a ƙasa. Matar ta yi mata godiya, ta sa mata albarka, cinikin ya mutu. Dillali ya ce bai taɓa ganin mai korar kuɗinsa da bakinsa ba. Ita kuwa abin da ya tsaya mata a rai shi ne ta kwana biyu tana murnar za ta kwantar da 'yar wani a shimfiɗar da mahaifinta ya ce kada ta sake kwana a kai.

Saura kotu ko sulhu. Tun watan Janairu na 2000 kotunan shari'ar Musulunci ke aiki a Zamfara, kuma rigimar haya tsakanin Musulmi tana cikin abin da ake kai musu. Amma mahaifinta ya ce zaryar kotu za ta cinye abin da ake nema, gwaggo kuma ta nuna wata matsalar: tunda sunan Auta bai hau rasidi ba, ko dai Yaya ta kai ƙarar wanda take kwana a gidansa, ko Auta ta kai ƙarar Yaya. Mijin gwaggo ya ɗauki maganar ya kai wa limamin unguwar da gidan yake, aka sa rana bayan la'asar.

Limamin ya fara da abin da bai yi wa Auta daɗi ba. A mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a ƙasar Hausa, haya ƙulli ne mai ɗaure ɓangarori biyu. Wanda ya karɓi gida na shekara, aka miƙa masa mabuɗi, sannan ya tashi don raɗin kansa, kuɗin shekara sun hau kansa. Abin da ke warware ƙullin shi ne amfanin kansa ya gagara, kamar gida ya rushe. Halil a cikin Muhtasar ya lissafa irin su ƙwace gidan da ƙarfi, ko sarki ya ba da umarnin rufe shaguna. Hanafawa sun fi sassauci, sun yarda a fasa haya saboda uzurin da ya afka wa ɗan haya, kuma Ibn Rushd, wanda ya rasu a 1198, ya kawo wannan saɓani a Bidayatul Mujtahid. Wanda ya fi kusantar batun Sabon Gida shi ne Ibn Ƙudama, malamin Hambaliyya da ya rasu a 1223. A littafinsa al-Mugni ya raba tsoro gida biyu. In tsoro ne gama-gari da ya hana zama a wurin da gidan yake, ɗan haya yana da zaɓin fasawa. In tsoro ne da ya keɓanta da shi kaɗai, ba shi da wannan zaɓi.

Nan gardamar ta tsaya cak, domin kowane ɓangare yana da hujjarsa a cikin gida ɗaya. Alhaji ya nuna Yaya ya ce ga wadda ke kwana, ashe zama bai gagara ba. Mijin gwaggo ya nuna ƙofofi takwas masu kwaɗo ya ce in wannan ba tsoro ne gama-gari ba, to mene ne sunansa? Yaya ta sunkuyar da kai, domin ta gane cewa zamanta ne ake kafa hujja da shi don hana Auta kuɗinta. Liman ya bari suka gama, sannan ya ce, "Alhaji, yarinyar ga ba aminci ya zaunar da ita ba, rashi ne. Kada mu mai da rashinta hujja." Ya ce shi ba alƙali ba ne, ba zai yanke hukunci ba. Abin da zai roƙa shi ne iƙala, wato ɓangarori biyu su warware ciniki da yardar juna, abin da addini ya kwaɗaitar da mai haƙƙi ya yi wa wanda ya shiga matsi. Ya ƙara da cewa masifar nan babu ko ɗaya daga cikin su ukun da ya jawo ta, saboda haka bai ga dalilin da zai sa mutum ɗaya ya ɗauke ta shi kaɗai don kawai ya riga ya biya ba.

An kai har magariba kafin a samu matsaya. Yaya za ta koma ƙaramin ɗaki na mutum ɗaya, cikin waɗanda suka zama fanko, can ciki kusa da sashen iyalin mai gadi, ta ƙarasa wata bakwai ɗinta ba tare da ƙara ko kwabo ba. Babban ɗakin ya koma hannun Alhaji. Aka duba shi, ba a sami ɓarna ba, ya ƙirgo 5,000 na ajiyar Auta ya ba ta nan take. Ragowar haya kuwa ba zai biya daga aljihunsa ba, domin babu. Amma daga ranar da ya samu wanda ya shiga ɗakin, zai riƙa ba ta 5,000 duk wata har ƙarshen Afrilu. Watannin da ɗakin ya yi a kulle sun zama asararta, ragin da zai yi wa sabon mai shiga ya zama asararsa. Wannan karon aka rubuta da hannu, kwafi uku, da sunayen 'yan matan biyu da sa hannun shaidu. Tukunyar gas Auta ta ce Yaya ta riƙe har ta gama. A bakin titi, suna jiran mota, Yaya ta ce, "Da na sani da na sa an rubuta sunanki tun farko." Auta ta ce ita ma ai tana tsaye aka rubuta rasidin.

Oktoba da Nuwamba ɗakin ya yi su a kulle. A watan Disamba aka shiga, kuma ba ɗalibai ba ne. Wani magidanci ne da matarsa da 'ya'ya huɗu da tsohuwarsa, waɗanda suka baro ƙauyensu da abin da kai zai iya ɗauka, suna biya wata-wata da abin da yake samu a aikin leburanci. Ranar da Auta ta je karɓar kuɗin farko ta leƙa ɗakin, ta ji harshensu, ta tambayi garinsu. Ƙauye ne da take wucewa a hanyar gida. Matar ta ba ta ruwa, ta ce rabon da ta yi barci har asuba ta manta, sai da suka zo nan, ga titi kusa, ga motar sojoji na wucewa. Auta ta dubi sakatar da suka saka a Yuni, tana nan a ƙofar. Ta sha ruwan, ta yi musu fatan alheri, ta fito.

Kuɗin sun riƙa zuwa, wani watan a kan lokaci, wani watan sai ta je sau biyu. Ba su taɓa taruwa ba, domin kowace 5,000 a kuɗin mota take ƙarewa tsakanin Tudun Wada da makaranta. Ta dai riƙe lissafi a bayan littafinta. A watan Afrilu na 2024 aka samu labarin sakin wasu daga cikin ɗaliban da aka ɗauka a daren nan, bayan kusan wata bakwai a daji. A ƙarshen watan ta karɓi biyanta na ƙarshe. Da ta haɗa, 30,000 ta samu cikin 40,000 da ta nema. Yaya ta kammala, ta kawo mata tukunyar gas har gidan gwaggo, suka ci abinci tare.

Shekara guda cif da ranar da aka ɗora buhuna a mota, Auta ta je 'Yankuzo ta karanta wa mahaifinta lissafin. Ya saurara, ya auna shi da farashin Tsafe na wannan makon, ya ce yanzu ko buhu guda ba za su saya ba. Ta miƙa masa 5,000 na ƙarshe da ta hana kanta taɓawa. Ya juya su a hannu, ya tambaye ta, "Yayar taki ta ƙare lahiya?" Ta ce ta gama. Ya tambayi sunan ƙauyen mutanen da suka shiga ɗakin, ta faɗa masa, ya ce ya san mahaifin mutumin, sun taɓa haɗa shanun huɗa. Sannan ya mayar mata da kuɗin ya ce ta yi na mota, kuma ta tashi da wuri gobe, kada la'asar ta same ta a hanya.